Muryar Dogo a Cikin Waya

Wata bakwai da rasuwar mijinta, wata Talata da safe, Tela ta ɗauki waya ta tambayi manhajarsa yadda ake cire tabon man keken ɗinki daga farin yadi. Muryarsa ta fito kamar kullum, da ɗan kakin nan da yake yi kafin magana. Ya gaishe ta, ya ce bari ya tambayo. Can ya ce, "Ku yi haƙuri, ban samo ba."

Ta sake tambaya. Ta tambayi ko za a yi ruwa. Ta tambayi abin da ko jaririn goye ya sani. Amsar ɗaya ce.

Mijin nata, wanda abokan aikinsa suke kira Dogo, saboda ita ya fara haɗa wannan manhaja. Karatunta bai yi nisa ba, dogon rubutu yana sa mata ciwon kai. Sai ya haɗa wani abu da mutum zai yi wa magana da baki, ya je ya nemo amsa a intanet ya karanto masa. Gaisuwar da ban haƙurin da duk 'yan maganganun tsakani, shi ya ɗauke su da muryarsa, a cikin ɗakin ɗinkinta, ya toshe ƙasan ƙofa da ragowar atamfa don kada kukan kaji ya shiga. Daga baya dubban mutane suka sauke manhajar a wayoyinsu. Tun da aka binne shi, Tela ba ta taɓa taka keke da safe ba sai ta tambaye shi wani abu, ko da ta san amsar.

Kwana uku ta jure. Ran na huɗu ta rufe keken da zani, ta ɗauki wayarta da tasa, ta nufi ofishinsu.

Ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon fenti. Tebur uku, fanka mai ƙara, wayoyin caji sun harɗe a ƙasa kamar zaren da mage ta yi wasa da shi. Teburin Dogo an tara masa kwalaye. Mutum biyu suka rage a aikin: Mai Gilashi, abokinsa tun makaranta, da wata matashiya da suke kira Ƙarama. Dukansu idanu jajur.

Mai Gilashi ya miƙe. "Yaya, sannu da zuwa. Wallahi yau muke cewa za mu..."

"Riƙe sannunka. Me kuka yi masa?"

"Wa?"

"Yayanku! Wata bakwai kacal, har kun kashe masa abin da ya bari?"

Mai Gilashi ya cire gilashin ya jefar kan tebur. "Mu? Mu muka kashe? Ƙarama, nuna mata."

Ƙarama ta juyo da kwamfuta, sai ta tuna karatu yana yi wa Tela wuya, ta mayar, ta yi bayani da baki. Manhajar ba ta san komai da kanta ba. Akwai wani babban kamfanin bincike da ya buɗe wa masu haɗa manhaja wata ƙofa, API suke ce mata. Ta nan ake miƙa tambaya, ta nan amsa take fitowa. Shekara shida suna bi ta nan. Ranar Litinin kamfanin ya rufe ƙofar.

"Haka kawai? Ba sallama?"

"Sun ce sun yi sallama," in ji Mai Gilashi. "Wasiƙa huɗu. Kin san ina suka aika? Imel ɗin Dogo. Shi ya yi rajistar da sunansa, tun muna aiki a falonku. Na ce masa ya mayar sunan ofis, ya ce gobe. Shekara shida yana cewa gobe! Suna ta rubuta wa mamaci, mu muna nan muna gyaran launin maɓalli kamar wawaye."

"Kada ka ƙara ɗaga murya a kansa."

"Yaya, ni ma nawa ne. Amma wallahi da zai shigo yanzu sai na shaƙe shi kafin in rungume shi."

Ƙarama ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da jan hanci. Tela ba ta yi ba.

"To ku kira kamfanin. Ku ce mutumin ya rasu."

"Kira wa? Babu mutum a can, Yaya. Na rubuta sau tara. Na'ura ce take amsawa, tana gode mini da na kasance tare da su."

Tela ta ture kwalayen ta zauna a kujerar mijinta. Sai a lokacin suka faɗa mata sauran. Sun sami wani kamfanin da zai buɗe musu tasa ƙofar, kwana uku suna sake ɗinke manhajar a kanta, ta kusa. Amma ba za su iya tura sabuwar zuwa wayoyin mutane ba sai da asusun Dogo na intanet, shi kuma asusun ba ya buɗuwa sai da lambar da za a turo layinsa. Layin yana cikin jakarta.

"Shi ke nan? Lamba kawai? Sai ya dawo yana amsawa?"

Suka kalli juna. Ta san irin wannan kallon. Ta gan shi a asibiti.

"Manhajar za ta dawo," Ƙarama ta ce a hankali. "Muryar ce ba za ta dawo ba."

Tsohon kamfanin ya sa sharaɗin a riƙa ambaton sunansa. Da wani ne, da ya rubuta shi da ƙananan haruffa a ƙasan allo ya huta. Dogo ya ce mutanensa ba sa karatu, kuma ba zai ci amanar wanda ya ba shi ƙofa ba. Sai ya sa sunan a bakinsa, cikin kusan kowace jimla, a tsakiyarta. Sabon kamfanin kuwa ba zai yarda a riƙa kiran sunan abokin hamayyarsa a kan amsarsa ba. Sun gwada yanke sunan. Ƙarama ta kunna mata. Dogo ya fito yana tsalle a tsakiyar magana kamar mai shaƙuwa.

"Kashe! Kashe shi!"

Tela ta miƙe tsaye. "Ya riƙe musu amana har cikin maƙogwaronsa, su kuma suka rufe masa ƙofa kamar wani maroƙi. Ku kuma kuna so in ba ku lamba da hannuna ku goge shi."

"Akwai wata makauniya da ta kira sau goma sha ɗaya tun jiya," in ji Mai Gilashi, bai ɗago ba. "Manhajar take tambaya yadda za ta sha maganinta. Ni me zan ce mata?"

"Kada ka ɗora mini ita!"

Fanka tana ta ƙara. Daga ƙasa mai fenti yana faɗa da wani direba a kan inda ya ajiye mota.

Tela ta buɗe jaka. Ta fito da wayarta tukuna, ta dangwarar gaban Ƙarama.

"Wannan sabuwar taku, da kanta take shiga waya?"

"Eh, sai dai in an hana."

"Hana ta. A nan gabana. In na wayi gari na ji wata murya a ciki, wallahi sai na zo na watsar da kwamfutocin nan ta taga."

"Yaya, taki ba za ta ƙara samo miki komai ba fa. Har abada."

"Na tambaye ki?"

Ƙarama ta danna abin da za ta danna, ta nuna mata. Sannan Tela ta kunna wayar Dogo. Saƙon ya shigo. Lamba shida ce, lamba kuwa tana iya karantawa. Ta karanto musu ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, kamar tana zagin wani. Mai Gilashi ya fara godiya, ta ɗaga masa hannu ta fita.

Da ta isa gida farin yadin yana nan kan tebur da tabonsa, mai shi kuma gobe za ta zo. Ta naɗe shi ta tsallaka gidan maƙwabciya, ta buga ƙofa da ƙarfin da ya wuce kima.

"Ke, 'yarki ta dawo daga makaranta? Kira min ita ta duba min wani abu a wayarku."