Duniyar da Ba a Kai Mata Taki

Malam Mati ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun fara ƙin zuwa gona. Gonar tana yamma da Tsanyawa, da gawo uku a tsakiya da gamba a kan iyaka. Ɗansa namiji ɗaya ne, Kamaruddeen, wanda ke aikin kwamfuta a Kano, bai taɓa tambayar ko an yi shuka ba.

Bayan girbin bara sai yaron ya fara zuwa duk Asabar, yana bin uban gona. Ya tambayi dalilin da gawo ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Ya tambayi amfanin wake a tsakanin gero, da yadda ƙuduji ke kama saiwar dawa ya tsotse ta tun kafin a gan shi. Duk abin da tsohon ya faɗa, sai ya rubuta a waya.

Malam Mati bai tambaye shi dalili ba, kuma wannan kuskurensa ne. A ƙauyen, wanda ya tambayi halin gona noma zai yi. Uwaisu, ɗan ƙaninsa, ya nemi aron gonar, tsohon ya ce masa mai ita ya kusa dawowa. Ya sa maƙeri ya ƙera garma mai doguwar ƙota daidai tsayin Kamaruddeen. Ya kwashe rani yana kai taki da jaki, dare ya yi Rahmatu matarsa ta gasa masa gwiwa. Ta ce ya tambayi yaron. Ya ce ba a tono shuka don a ga ko ta tsiro.

Ana saura kwanaki ruwa ya sauka, sai Kamaruddeen ya zo da kwamfuta, yana murna.

"Baba, zo ka ga aikinka."

A fuskar kwamfutar, wata duniya ce mai rana biyu da ƙasa shunayya. Ya yi bayani cewa wasa ne, mutum zai hau kumbo ya ratsa taurari ya sauka a kanta. Ga manyan itatuwa masu tuɓe ganye idan an yi ruwa, ga dabbobi masu ƙafa shida suna kiwo a inuwarsu, ga wani jan fure da ke kashe tsirrai ta ƙarƙashin ƙasa. Ya ce masu kamfanin da yake wa aiki sun yaba ƙwarai, za su mayar da shi ofishinsu na Legas a watan gobe.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya gane gawonsa, ya gane ƙuduji. Aikin ya yi kyau, ba ƙarya.

"Wa ke kai mata taki?"

Kamaruddeen ya yi dariya. "Ba kowa, Baba. Ita ke ciyar da kanta."

"In mai wasan ya tashi ya tafi fa?"

"Tana nan yadda ya bar ta."

"To, ta fi tawa," in ji Malam Mati, sannan ya sa masa albarka.

Yaron bai yi ƙarya ba, bai yi alkawari ba. Amma ya wuce tsibin taki sau goma bai tambayi don wa ake tara shi ba, kuma wannan ma laifi ne.

Washegarin ruwan farko Malam Mati ya aika a kira Uwaisu, ya miƙa masa garmar. Uwaisu gajere ne. Ya gwada ta a ƙofar gida, ya ce ƙotar ta yi masa tsawo, ko a ajiye wa mai ita?

"Yanke ta," in ji tsohon, ya shiga zaure.