Saurayin Luningning Yana Karatun Falsafa

A garinmu idan aka ce ɗa namiji yana karatun falsafa, ba a tambayar abin da zai zama. Fada zai zama. Duk wanda muka sani da ya taɓa karatun nan, ko dai yana cikin farar riga yana yi mana wa'azi ranar Lahadi, ko ya gudo daga makarantar fadoci yana yawo da fuskar mara gaskiya.

Shi ya sa ranar da Luningning, 'yar yayana Temyong, ta kawo wani Efren gida, ta ce ajinsu ɗaya a jami'a a birnin Naga, digirin Turanci da falsafa suke yi a haɗe, na ga cokali ya tsaya a hannun ubanta. Ita ma fa karatunta ke nan tun da ta shiga. Amma a wurinta Turancin kaɗai kunnenmu yake ɗauka: za ta zama malama, ta koyar nan kusa da gida. Falsafar kuwa mun ɗauke ta kamar ƙashin da mahauci yake ɗora maka a kan nama.

Yaron ya kama hannun Manoy Temyong, haka muke kiran babban wa, ya kai goshinsa, ya kama nawa ya yi haka. Ladabinsa ya yi yawa, ni kuwa ban yarda da ladabi mai yawa ba.

"Falsafa," in ji Manoy. "Wane fada ne ya tura ka?"

"Babu kowa, Tiyo. Sha'awa ce." Tiyo, wato kawu.

"Sha'awa. Mutum ya yi sha'awar kifi, na gane. Ya yi sha'awar faɗan zakaru, na gane. Wannan kuwa da me ake cin ta?"

"Papa, ka bar shi ya ci abinci mana," in ji Luningning.

Aka bar shi. Ni dai idona na kansa. Ya yi alamar gicciye kafin ya taɓa shinkafa. Manoy ya zuba masa barasa, ya ce ba ya sha. Da ya gama, ya tashi ya wanke kwanonsa da kansa! Wane ɗan gari ne yake wanke kwano a gidan budurwa, in ba wanda aka horar a ɗakin kwanan fadoci ba?

Kada a ce na cika zargi. Ni ma an taɓa yi mini. Nawa saurayin ma haka yake, ga karatu ga sanyin murya, har iyayensa sun sa ranar zuwa neman aure, sai ya ce Allah ya kira shi. Yanzu yana can wani tsibiri da ƙaton tumbi, ni ina nan ina dafa wa yayana ganyen gwaza da madarar kwakwa. Manoy ya ga yadda na ƙare. Luningning kaɗai matarsa ta bar masa, kuma burinsa a duniya bai wuce ya aurar da ita a unguwar nan ba, ya ji jikoki suna tsere a tsakar gida. Har ɗakin baya ya fara yi wa rufi.

"Ki sa masa ido, Pilar," ya ce mini. "Ba zan bari a yi wasa da ita ba."

Da ma jira nake. Mai keken da ke ɗaukar kayana daga kasuwa ya ce duk Alhamis yana ganin yaron a harabar coci. Na ɗauki lema na tafi. Ga shi kuwa zaune a benci, ƙarƙashin mangwaro, tsakanin gidan fada da gidan sistoci inda Luningning take koya wa marayu Turanci. Zai ce jiranta yake yi, na sani. To amma sai ga Fada ya fito, ya zauna kusa da shi, suka daɗe suna magana ƙasa ƙasa. Da zai tashi ya dafa kafaɗarsa, yaron ya sunkuyar da kai yana share ido. Na san irin wannan kukan.

Na gwada yarinyar a ɗakin girki.

"Ke, wannan naki, yana maganar aure kuwa?"

"Kullum, Tiya," ta ce, wato gwaggo.

"Haka suke yi. Ke fa me kike ce masa?"

Ta ci gaba da kankare kwakwa, ba ta ɗago ba. Na ce a raina, baiwar Allah, ita ma ta fara ganewa.

Ranar Lahadi bayan coci Manoy ya sa aka kira shi cin abinci. Ya bari sai da aka zuba, sannan ya ajiye tafin hannunsa a tebur.

"Yaro, ni ban yi jami'a ba, amma ba a jiya aka haife ni ba. An gan ka da Fada. In rigar fadoci kake so, je ka sa, Allah ya ba da sa'a. Amma ka fita hanyar 'yata yau, tun kafin ka mayar mini da ita kamar gwaggonta."

Na ji zafin maganar, amma na gyaɗa kai.

"Tiyo, ni?" Efren ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni da nake gyangyaɗi a coci? Karatun injiniya na fara. Na baro shi ne saboda..." Ya kalli Luningning.

"Saboda me? Buɗe baki!"

"Saboda ni, Papa," in ji ta. Muryarta ko rawa ba ta yi. "Ni ce zan shiga. Sistoci sun karɓe ni, da na gama digiri zan tafi gidansu na tsibirin Mindoro. Tun kafin jami'a nake son haka. Ba don Turanci na zaɓi karatun nan ba, ku ne ba ku taɓa tambayata ɗaya rabin, falsafar, ba."

Fankar rufi tana ta juyawa.

Manoy ya juya ga yaron a hankali. "Kai ka sani?"

"Tun farko, Tiyo. Na ce in na karanta abin da take karantawa, zan iya ja da ita, in nuna mata inda ta yi kuskure. Har Fada na roƙa ya hana ta. Ya ce ba shi ya kira ta ba."

"To duk karatun nan, ba ka shawo kanta ba?"

"Ita ke zuwa ta ɗaya a aji. Ban taɓa kayar da ita a muhawara ba, ko sau ɗaya."

Luningning ta miƙa hannu za ta kama na ubanta ta kai goshi. Bai hana ta ba, bai kuma kalle ta ba. Ɗaya hannun ya kai ya damƙi wuyan hannun yaron da ya gama kora, ya riƙe gam.

"Saura nawa ku gama?"

"Zango biyu, Tiyo."

"Ka dinga zuwa kullum. Ka ci abinci a nan." Muryar Manoy ta karye, abin da ban ji ba ko ranar da muka binne matarsa. "Ka ƙara karatu, ɗana. Don Allah ka ƙara gwadawa."