Gawa Ma Tana Son Kiɗanta

Makaɗan suna kiransa Madugu, don shi ke rubuta kiɗan, shi ke tsayawa gabansu da 'yar sanda. Fim ɗin da aka ba shi na barkwanci ne: wasu 'yan'uwa biyu, duk dolaye, sun kashe maigidan hayarsu, sun naɗe shi a kafet, sun rasa inda za su kai shi. Wanda ya fito a gawar kuwa kawun Madugu ne, tsohon ɗan wasa da aka daina kira tuntuni.

Ranar ɗaukar sauti Kawu ya zo kallo, ya zauna bayan masu goge da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Aka haska a allo wurin da ake jan kafet ɗin a matakala. Sarewa tana tsalle, duk sanda kan gawar ya bugi bene ganga ta ce dum. Har mai babban ƙaho sai da ya ƙware don dariya.

Da aka tafi hutu Kawu ya yafito Madugu.

"Ɗana, na ji makasan suna da kiɗansu. Ɗan sandan ma da nasa. Ni ina nawa?"

"Haba Kawu, ai kai ka mutu tun farkon fim."

"Shi ya sa na tambaya."

Madugu ya yi dariya, amma maganar ta ƙi barinsa. Ya sa aka maimaita wurin ba sauti. Sai a lokacin ya lura da ƙafar da ta leƙo daga kafet, siririya, jijiyoyi duk sun fito. Bai san kawun ya rame haka ba.

Ya zauna gaban fiyano ya fitar da wani ɗan kiɗa mai tafiyar hawainiya, ya ba masu manyan goge su kaɗai. Darakta ya ɓata fuska.

"Malam, dariya nake nema, ba zaman makoki ba."

"Ka ji tukuna."

Aka sake. Dolayen suna nishi suna zagin juna, gogen yana kuka a ƙarƙashinsu. Dariyar ta fi ta ɗazu, sai dai tana ƙarewa ɗakin ya yi tsit. Darakta ya daɗe yana sosa gemu kafin ya ce a bar shi haka.

A mota, da Madugu zai mayar da shi gida, Kawu bai yabi kiɗan ba. Sai da danja ta tsayar da su ya ce, "Ka san ranar da aka ɗauki wurin nan, sun tafi cin abinci sun manta da ni a cikin kafet? Ina jin muryoyinsu suna nisa. Ban yi kira ba. Na ce bari in ga ko wani zai tuna."

"Wa ya tuna?"

"Mai shara. Kafet ɗin take so ta ɗaga."

Madugu ya yi ƙoƙarin tuna rabonsa da taka gidan Kawu, ya kasa. Da danja ta ba da hannu, bai karya kwanar unguwar tsohon ba. Ya miƙe hanyar gidansa, ya kira matarsa ya ce a gyara ɗakin baƙi.