Hadarin Ranar Kai Mashkura

A Wurno ba a biki sai da Mode mai kyamara, shi kuma Mode ba ya samun biki sai Goggo Adama ta ambaci sunansa. Ita ce jagorar hidimar mata a unguwarsu. Wanda ta yaba ya samu aiki, wanda ta taɓe wa baki ya koma noman albasa. Saboda haka da ta ba shi ɗaukar bikin Mashkura, ɗiyar ƙanenta, ya san ba ranar wasa ba ce.

Umarni ɗaya ta jaddada masa: ya ɗauki motocin kai amarya a hanyar Goronyo, da saukarta gidan miji.

Bayan la'asar ya hau babur ya riga su gaba, ya samu wani tudu a bakin titi ya kafa kyamara. Yana cikin jira iska ta sauya, ta taho da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya waiga gabas. Hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin, gindinsa shuɗi, shinkafar fadama a ƙarƙashinsa ta yi wani kore kamar an wanke ta.

Mutane na cewa kyamara da waya suna jawo aradu. Masu faɗar haka dai ba su taɓa nuna wanda ta faɗa wa ba, kullum a wani gari abin ya faru. Mode ya rufa wa kyamarar leda, ya juya ta. Ya daɗe da sanin cewa ba a bin walƙiya, duk wanda ya bi ta wutsiyarta ma ba zai samu ba. Wurin da ya fi duhu ake saitawa, a bar giginya ɗaya a ƙasa don ido ya samu madafa, sannan a yi shiru a jira.

Ta ko zo. Ta tsaga sama tun daga ƙoli, ta yi rassa kamar saiwar bishiya, ta sake, ta kuma sakewa. Ya ji guɗa da hon a bayansa, ya ce a ransa bari ɗaya ta ƙara. Kafin ya juyo, motoci sun wuce. Ruwa ya kece, babur ya ƙi tashi. Ya isa Goronyo an riga an shigar da amarya ɗaki.

Bayan sati ya kai faifan gidan amarya. Mata suka cika ɗakin, Goggo Adama ta zauna gaban talabijin. An ga lalle, an ga walima. Sai ga sama.

"Mode, wanga mi na?"

"Hadari na, Goggo."

"Na san hadari, ban makance ba. Ina motocin? Ina ɗiyata? Sama munka yi ma arme?"

Walƙiyar farko ta fito a hankali, don Mode ya rage mata gudu a faifan. Goggo ta yi salati ta rufe fuska da gyale, kamar yadda take yi tun tana yarinya.

"Don Allah Mode, maido shi baya," in ji Mashkura daga bakin gado.

"Ke! Amarya da magana?"

"Goggo, ni ranan nan ban ga komi ba. Ina cikin lulluɓi, kin danne man kai, sai tsawa nika ji kuna ta salati. Motoci kau na san su, ta Kawu Sa'adu ko birki ba ta da. Ashe haka Allah yay yi man ado?"

Mata suka kwashe da dariya. Mode ya maido. A karo na uku ya lura gyalen Goggo ya ɗan zame, ido ɗaya na leƙe.

"Haka take da rassa?" ta tambaya ƙasa-ƙasa. Shekara sittin tana jin labarin walƙiya, ba ta taɓa tsayawa ta dube ta ba.

Da zai tafi ta biyo shi zaure, fuska a murtuke.

"Armen Latifa ƙanwar Mashkura kai za ka ɗauka. Amma na ɗaga shi sai rani, lokacin da ba ko gajimare, ɗan nema."

Ya durƙusa yana godiya.

"Tashi. Ungo wayata. Sa man wancan wurin na giginya."