Daga Kano zuwa Delhi

Takardar ta kwana uku a aljihun Malam Barau bai sa mata hannu ba. 'Yarsa Mahbuba ta sami gurbin karatun jinya a birnin Delhi na ƙasar Indiya, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓar amincewar iyaye.

Shekara ashirin yana jan motar haya tsakanin Dutse da Kano, don haka da wannan hanyar yake auna kowace tafiya. Ranar Laraba da la'asar ya kira Mahbuba tsakar gida, ya ce ta duba masa nisan a waya.

"Kilomita dubu bakwai da ɗari uku, Baba. Ta sama ke nan, a miƙe."

Ya yi lissafi da yatsu. Kamar ya je Kano sau sittin da wani abu a jere, ba tsayawa shan mai.

"Awa nawa?"

"Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye. Sai an sauka Addis Ababa an canja wani. Da jira da komai, a ce kwana guda."

Abin da yake gudu ke nan. Mahaifiyarsa, Hajiya Larai, ta haura tamanin, tun damina ba ta da ƙarfi, kuma ita ta raini Mahbuba tun daga yaye. A nan, wanda ya cika da hantsi kafin azahar an kai shi makwanci. Ko da kujerar jirgi na jiranta, yarinyar ba za ta iso ba sai an yi kwana da binnewa.

Ya faɗi hakan a hankali, yana zaton tsohuwar barci take a kan tabarmarta.

"Barau, ni kake yi wa lissafin likkafani ina kwance ina jinka?"

"A'a Inna, tunani dai nake."

"Ranar da mahaifinku ya rasu, yayanka Isah yana ina? Kasuwar Jahun. Nan kusa. Kafin ya sami mota an dawo daga maƙabarta. Jirgi ne ya hana shi?" Ta juya wajen Mahbuba. "Ke kuma mai kan kwakwa, ki je ki koyo allurar da ba ta zafi. Ta asibitin nan ta ishe ni."

"Hajiya, ko a Indiya da zafinta."

"To me za ki je yi?"

Malam Barau bai yi dariya tare da su ba. Ya ciro takardar, ya shimfiɗa ta a gwiwa, ya sa hannu. Sannan ya ce wa Mahbuba duk Juma'a za ta kira kakarta, da hoto, komai tsadar kati. Ya ce kuma ta rubuta masa sunan garin da ake canja jirgin, da manyan baƙaƙe.