Mai Ɗinka Wuyan Riga

Shekara biyu ke nan ina ɗinka wuyan riga a masana'anta. Wuya kawai. Hannu na wata ne, maɓalli na wata, ban taɓa riƙe rigar da aka gama ba. A jami'a na karanta ilimin zamantakewa, na rubuta shafi tamanin kan yadda rarraba aiki ke sa mutane su dogara da juna, da yadda yake raba ma'aikaci da abin da hannunsa ya yi. Na ci da kyau. Yanzu a cikin abin nake zaune, kuma ba na jin komai.

Matan layinmu na ɗinki suna kirana Digiri. Ina amsawa, ai nawa ne.

Ran Litinin mai kula da layi ya ajiye agogon auna daƙiƙa da takarda a kan kekena.

"Ke ce 'yar boko. Auna kowa. Wadda ta wuce daƙiƙa arba'in a kan riga ɗaya, rubuta ta."

Kowa ya san wa ake nufi. Gwaggo, wadda ke miƙo min riga daga hagu, shekara goma sha tara tana haɗa kafaɗa, yatsunta sun fara ƙagewa.

"Auna ni da kyau, 'yar nan," in ji ta. "Ko mijina bai taɓa zuba min ido haka ba."

Na auna. Hamsin da biyu. Hamsin da biyar. Amma ba a taɓa warware ɗinkinta ba, shi ya sa nawa ke sauri. Babu gurbin wannan a takardar.

Da aka tashi na mayar masa da agogon da takardar, fara fat.

"Ina lambobin?"

"Ɗinki aka ɗauke ni yi, yallaɓai."

"Girman kai dai karatun nan ya koya miki."

"Da abina na je."

Washegari ya ba mai maɓalli agogon. Tana rubutawa tana share ido. Kafin mako ya ƙare Gwaggo ta ɗauki matashin kujerarta, ta dafa kaina, ta fita.

Wadda aka kawo a madadinta tana yin talatin da takwas. A karkace kafaɗunta ke zuwa, sai na gyara kafin in ɗora wuya. Yanzu ni ke kaiwa hamsin.

Jiya mai maɓalli ta tsaya a bayana da agogon a hannu.

"Digiri, ya zan yi?"

"Rubuta abin da kika gani."

Na jawo riga ta gaba.