Gwangwanin Tsaraba

Nazifi yana durƙushe yana matsa wa mahaifinsa ƙafar da ta shanye sa'ad da ya ji sallamar Gwaggo Hassana, maƙwabciyarsu, tana tafe da dariya tun daga zaure.

Jiya da hantsi ya shigo ƙauyen a bayan babur ɗin yayansa Tayyib, cikin tsohuwar riga kamar ɗan ƙwadago. Haka suka shirya, kada kowa ya sani. Tun da aka faɗa a rediyo cewa ɗan Malam Mati na wajen Runka ya ci kofin wasan tanis a Ghana, mutane suka ɗauka a buhu yake auna kuɗi. A wannan yanki kuwa, abin da aka faɗa a teburin mai shayi da safe, kafin la'asar ya isa kunnen ɓarayin daji. Ba a san mai kai labarin ba, shi ya sa kowa ke tsoron kowa. Niyyar Nazifi ya ɓoye a ɗaki har Juma'a, ya kai tsohon masallaci a kafaɗarsa kamar yadda ya yi alkawari, daga nan ya wuce Abuja kafin a ankara. Can za a yi gasar zaɓen 'yan wasan ƙasa. Ya kai talatin, gwiwarsa ta fara ƙara, kuma mai horar da shi ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa wannan ce ta ƙarshe.

"Zuwaira, wane irin kifi ɗanki ya kawo mana?" in ji Gwaggo Hassana daga tsakar gida. "Na ɗora tukunya, na buɗe gwangwanin ya yi mini tsaki kamar kububuwa, sai ga ƙwai masu gashi. A miya ake sa su ko a fate?"

Nazifi ya leƙo. Dogon gwangwanin ƙwallayensa ne a hannunta. Ya juya ga jakarsa, ya tarar an sassauta bakinta.

Inna Zuwairatu ba ta yi musu ba. Da sassafe ta kwashi sabulu da dabinon da ya kawo, ta ga gwangwanaye a ƙasa ta zaci abinci ne irin na birni, ta rarraba gida-gida. Ta ce matan nan su suka yi mata daka da ɗiban ruwa tun ranar da Malam ya faɗi. Da wane ido za ta dube su in aka ji ɗanta ya zo daga wata ƙasa ta cinye ita kaɗai?

"Ai ban gaya wa kowa ka zo ba, Auta. Cewa na yi ga wannan babu yawa."

"Inna, tsaraba ƙafa gare ta?"

Dariyar Gwaggo Hassana ta ɗauke. Ta ajiye gwangwanin a hankali a kan turmi, ta yi ta rantsuwa ba ta gaya wa kowa ba, har dai ta tuna da mijinta da kuma matar liman.

Tayyib ya fita ya zaga gari, ya dawo fuska a murtuke. Ya ce ya ga ƙwallo ɗaya a hannun Mani bakanike yana buga ta da ƙasa, mutane sun zagaye shi, har da baƙin fuska biyu da suka zo gyaran babur. Ko mutanen ɓarayin ne ko ba su ba ne, Allah ya sani. Amma dole a tashi kafin la'asar, don daga nan hanya ba ta mutane ba ce.

Nazifi ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado. Yana yaro kawunsa ya tafi da shi Kaduna, inda yake ban ruwa a wani filin tanis. Daga tsintar ƙwallo ya kama raket, abin buga ƙwallon, tun daga nan rayuwarsa ta zama fili mai farin layi zagaye da waya. Ya sha kwana a tasha don ya isa gasa. Duk da haka can ne kaɗai ya san inda iyaka take. Abu ko ya faɗa ciki ko ya fita, kuma akwai alƙalin da zai faɗa.

Malam Mati ya yi nuni a ba shi ƙwallo ɗaya. Ya jujjuya ta a hannunsa mai lafiya. Maganarsa na fita da ƙyar, ya ce shi har yanzu bai gane wasan ba, amma ya san hannun. Shi ne hannun da ke wurga majajjawa a gonar gero, tsuntsu bai taɓa sauka a gefen da Auta yake ba.

"Baba, na ce zan kai ka Juma'a."

"Tashi ka tafi. In suka ɗauke ka, uwarka za ta sayar da gonar da shanun Tayyib, kuma ba za su isa ba." Ya numfasa. "Juma'a ai ba ta ƙarewa."

Dukansu sun san wanda yake ƙarewa. Nazifi ya so tsohon ya riƙe shi, ko da da kalma ɗaya ce, don ya samu abin da zai yi gardama da shi. Tsohon ya rufe ido, ƙwallon na cikin tafinsa.

Inna ta rako su zaure, ta cusa wa Nazifi ƙullin gyaɗa a aljihu.

Sun yi nisa a hanyar Safana, tsakanin gonakin da aka daina nomawa, sai Nazifi ya kama kansa yana lissafi. In ya kwana Katsina, gobe yana Abuja. Zai samu kwanakin atisaye da bai sa rai ba, gwiwar ma ta huta. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ya duba hannunsa na dama, ya ga ya damƙe ƙarfen babur ɗin daidai yadda yake riƙe raket.

Ya taɓa kafaɗar yayansa.

"Yaya, tsaya kaɗan."

Tayyib bai waiwayo ba. Ya ƙara wuta, idonsa na kan bishiyoyin gefen hanya.

"Nan ba a tsayawa," in ji shi.